Kwanon Kaka Ma Darasi Ne

A wannan watan za mu taɓo wani giɓi a karatun yaranmu na lise. A darasin kimiyya muna koya musu abincin jariri da na mai ciki, mu cika allo da zane. Tsoho kuwa da wuya mu tsaya a kansa.

Mu da ke zaune a gindin dutsen da Faransawa suka sa wa suna Haƙorin Mindif, ai mu ya kamata mu fara tunawa da haƙori. A gidajenmu tsoho ake fara zuba wa tuwo, shi ake zaɓa wa tsokar nama, kuma wannan ladabi ne mai kyau. To, amma in haƙora sun zube, naman jikoki ne ke cinye shi, tuwon masakwa ya dawo rabi, kaka ta koma kunun tsamiya safe da yamma. In ta rame, sai yaro ya ce, "Ai tsufa ne." Sau da yawa yunwa ce.

Abin da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne, cin tsoho yana raguwa, amma bukatarsa ta abinci mai gina jiki tana nan, domin tsokarsa zaizayewa take yi. Ƙishirwa ma ba ya jin ta da wuri. A zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, kada a jira sai ya nemi ruwa. Maganin kuwa yana kasuwarmu: wake a dafa shi luguf, kunun gyaɗa, kindirmon maƙwabtanmu Fulani, ƙwai, garin busasshen kifi a miyar kuka ko yakuwa. Gishiri da Maggi a sassauta saboda hawan jini.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai: a sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da tsohon gidansu ya ci cikin kwana uku, wanda ya shiga ciki, ban da wanda aka zuba. Ya kuma tambaye shi yadda aka rayu a farin 1984, wane ganye aka tsinko, tafasa ko zogale. A nan yaron da ke yi wa kaka kallon kaya zai tarar ta fi littafinsa sanin abinci.

Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga Oktoba domin tsofaffi, wata guda bayan komawa makaranta. A karɓi aikin a ranar, a kuma gayyato kaka ɗaya ko biyu cikin aji.