Wasiƙa Daga Rijiyar Zaki: Sauya wa Ɗan Makaranta Wuri a Filin Ƙwallo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili kamar yadda ka saba. A wannan mako ina so in yi magana da 'yan'uwana malamai masu kula da wasanni, tun daga manyan makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya da ta Rumfa a nan Kano, har zuwa ƙananan sakandare na ƙauyuka. Maganar kuwa ita ce ta yaron da ya saba buga ƙwallo a wuri guda cikin fili, malami ya ga ya kamata a ɗauke shi a mai da shi wani wuri. Mai jin wannan zai ce ai abin bai kai a rubuto wa jarida ba. To, amma ya sha raba malami da ɗalibinsa, ya kuma sha sa yaro mai baiwa ya jefar da takalmin ƙwallo har abada.

Dalilin rigimar ba ɓoyayye ba ne. In ka tara yara ashirin ka tambaye su inda kowa ke so ya tsaya, kusan dukansu za su ce gaba, don mai cin ƙwallo shi ake ɗauka a kafaɗa, shi ake kiran sunansa a gari. Amma mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, kuma ba su yiwuwa su zama 'yan gaba duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ranar da malami ya ce wa mai lamba tara ya koma baya, yaron sai ya ɗauka an wulakanta shi ne, abokansa su yi ta yi masa dariya, wani lokaci har uban yaro ya aiko a tambayi laifin ɗansa.

Ni a ganina sauya wa yaro wuri ba laifi ba ne, sau da yawa ma wajibi ne. Ga hujjata ta farko. Jikin yaro ba ya tsayawa yadda yake. Akwai wanda ke riga tsaransa girma, yana shekara 13 ya fi kowa tsawo da gudu, sai ya riƙa cin ƙwallo yadda ya ga dama. Kafin ya kai shekara 17 sauran sun kamo shi, waɗansu har sun wuce shi, sai a ga ƙwallon ya daina shiga. Ba lalacewa ya yi ba, abin da ya fi su da shi ne ya ƙare. Amma watakila a cikin shekarun nan ya sami ƙirji, da natsuwa, da sanin inda ƙwallo zai faɗa, waɗanda su ne kayan aikin ɗan baya. Malamin da ya bar shi a gaba don jin nauyinsa ya cuce shi.

Mu da ke zaune cikin gonakin Kano mun san misalin wannan. Manomi ba ya shuka rake a jigawa, ba ya kuma kai gero fadama, kowane iri da ƙasar da ta karɓe shi. In iri ya ƙi a wuri, mai hankali ƙasar yake fara dubawa kafin ya zagi irin.

Hujja ta biyu ita ce, wuraren nan da muke rigima a kansu su ma ba dawwamammu ba ne. A dā a Ingila 'yan baya biyu ake sawa, da 'yan tsakiya uku, da 'yan gaba biyar. A shekarar 1925 aka gyara dokar satar gida, aka rage yawan abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin ɗan gaba da layin gida daga uku zuwa biyu. Nan da nan ƙwallaye suka yi ta shiga raga kamar ruwa. Sai Herbert Chapman, mai horar da Arsenal, ya janye na tsakiyar 'yan tsakiyan nan uku, ya mai da shi baya sosai, ya tsaya tsakanin 'yan baya biyu. Ka ga an sauya wa mutum guda wuri, fasalin wasa duka ya sake, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu.

Bari kuma in kawo misalai daga 'ya'yanmu na Arewa, don gani ya kori ji.

Na farko Victor Moses, wanda ya tashi a Kaduna. Chelsea ta saye shi a 2012 a matsayin ɗan gaba na gefe, amma bai sami gindin zama ba. Shekara uku a jere ana ba da aronsa, yau Liverpool, gobe Stoke, jibi West Ham. A 2016 Antonio Conte ya karɓi ƙungiyar. Da Arsenal ta ci su uku ba ko ɗaya a watan Satumba, sai ya sake tsari, ya sa 'yan baya uku, ya ba Moses gefen dama tun daga gida har gaba, watau ya tare in an kawo hari, ya kuma ruga ya kai hari in ƙwallo ya dawo hannunsu. Daga nan suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofin Firimiya a 2017, Moses kuwa ya buga wasa 34 cikin 38. Mutumin da ake ta yawo da shi kamar goron biki ya zama ba a fita sai da shi. Amma a lura da ƙarshen labarin. Da Conte ya tafi a 2018, wanda ya gaje shi ya koma ga 'yan baya huɗu, wurin Moses ya ɓace, a farkon 2019 aka sake ba da aronsa zuwa Turkiyya. Ashe wuri yakan mutu tare da tsarin da ya haife shi, don haka kada yaro ya manta tsohuwar sana'arsa.

Na biyu John Mikel Obi, haifaffen Jos, wanda ya fito daga Plateau United. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, shi ne mai rarraba ƙwallo ga 'yan gabanmu. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci mu biyu da ɗaya, aka zaɓi Messi gwanin gasa, Mikel na biye da shi. Da ya je Chelsea a 2006, José Mourinho ya ja shi baya, ya tsai da shi gaban 'yan baya yana kwance harin abokan hamayya. A nan ya zauna har 2017. Ya buga wasa 372, ya ci ƙwallo 6 kacal, amma ya ɗauki Firimiya sau biyu, da kofin zakarun Turai a 2012. Har yau in aka ta da wannan magana a majalisa sai mutane su rabu biyu. Waɗansu su ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tun da ya shekara fiye da goma a babbar ƙungiya. Waɗansu kuwa su ce an dakushe wuƙa an mai da ita madoki, Nijeriya ta yi hasarar gwanin da ba ta sake samun irinsa ba. Ni ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma darasin shi ne sauyi yakan ba da riba ya kuma ci wani abu, dole malami ya auna biyun.

Misali na uku ya haɗa mutum huɗu cikin mako guda, a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. Ran 16 ga Yuni Kuroshiya ta ci mu biyu ba ko ɗaya. A ranar Gernot Rohr ya sa Mikel can gaba bayan ɗan gaba, Moses a gefen gaba, Shehu Abdullahi mutumin Sakkwato, tsohon ɗan Kano Pillars wanda ya iya tsakiya ya kuma iya baya, yana tsaron dama, Ahmed Musa kuwa a benci ya fara. Ran 22 ga wata, da za a kara da Aisland a birnin Volgograd, sai ya juya tsarin. Ya sa 'yan baya uku, ya mai da Mikel tsakiya inda ya saba, ya ba Moses aikin da Conte ya koya masa, ya kuma sa Musa a tsakiyar gaba tare da Iheanacho, ko da yake a Turai an fi saninsa da gudu a gefe. Musa ya ci biyu, ɗaya a minti na 49 daga ƙwallon da Moses ya kawo masa, ɗaya a minti na 75. Mutanen Kano ba su yi mamaki ba, don sun tuna ƙwallo 18 da ya ci wa Pillars a kakar 2009 zuwa 2010. Sai dai a wannan sabon tsari Shehu bai sami wurin farawa ba. Duk lokacin da aka matsa da mutum guda, akwai wanda aka matse, shi ma yana da hakki a kan malami.

To, yanzu ga shawarar da nake ba malamai.

Da farko malami ya tambayi kansa don wa zai yi sauyin. In don yaron ne, madalla. In kuwa don a toshe ɓaraka ne kawai saboda wani ya ji rauni, to, a gaya wa yaron haka, a ce taimako ne na wasa ɗaya ko biyu. Ƙwararren ɗan ƙwallo ana biyansa albashi, dole ya tsaya inda aka ce. Ɗan makaranta kuwa amana ne, an kawo shi a koya masa, kofin da za a ajiye a ofishin shugaban makaranta bai kai shi daraja ba.

Na biyu, a kira yaron shi kaɗai a yi masa bayani kafin kowa ya ji. Kada ya fara gani a takardar da aka manna a allo. A fara da abin da ya iya: "Na lura ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarka, kuma kana ganin fili duka, ina so in gwada ka a tsakiya." Wannan ya fi a ce masa ya kasa a gaba.

Na uku, a duba lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauyi a farkon zango ake yinsa, a wasannin gwaji tsakanin aji da aji ko gida da gida, ba daren wasan ƙarshe ba. Mai dashen tumatir ko albasa da yamma yake yi, ya bi da ruwa, ya kuma san shukar za ta yi yaushi kwana biyu kafin ta miƙe. Thierry Henry da kansa, da Arsène Wenger ya ɗauke shi daga gefe ya mai da shi tsakiyar gaba a 1999, sai da ya yi wasa takwas bai ci ko ɗaya ba, daga baya ya ci wa Arsenal 228. In an yi wa wannan haƙuri, yaron aji huɗu ya fi cancanta.

Na huɗu, a koya masa aikin, kada a nuna masa wuri da yatsa a tafi. Ɗan gaba in ya ɓarar da dama tara ya ci ta goma, gwani ne. Ɗan baya in ya tare tara ta goma ta wuce shi, shi za a zaga. Dole wanda aka mai da baya ya koyi ja da baya yana fuskantar mai ƙwallo, da jinkirta kai ƙafa, da daidaita layi da 'yan'uwansa don satar gida, da waiwayen wanda ke zagayowa ta bayansa. Wanda aka kai tsakiya ya koyi duba kafaɗarsa kafin ƙwallo ya iso, don ta ko'ina ake zo masa. Wanda aka kai gaba ya koyi karɓar ƙwallo yana juya wa raga baya, mutum na ture shi.

Na biyar, a yanka wa'adi, a ce wasa shida ko zango guda, sa'an nan a zauna a duba tare. In abin ya karɓe shi, shi ke nan. In bai karɓe shi ba, a mai da shi wurinsa ba tare da gori ba.

Na shida, malami ya gyara bakinsa wajen yabo. In ranar Litinin a taron safe mai cin ƙwallo kaɗai ake ambata, kada a yi mamaki in kowa ya ƙi baya. A ambaci wanda ya cire ƙwallo a bakin layi, da wanda ya ba da aka ci. Kuma a daina mugun halin nan na tura yaron da ya fi kowa rauni ko ƙiba ya tsare gida. Tsaron gida sana'a ce mai zaman kanta, tana son ido, da ƙarfin zuciya, da murya.

Ku kuma samari, ga taku. Cikin dubban yaran da ke buga ƙwallo a filayen makarantu da kangayen unguwa, kaɗan ƙwarai ne za su ci abinci da shi. Wanda ya iya wuri biyu ko uku ya fi mai wuri guda samun shiga, don mai zaɓen 'yan wasa yakan so wanda zai toshe masa ƙofa biyu. Sauran kuwa da za su zama malamai da akawuna da 'yan kasuwa, su ma wata rana za a ɗauke su daga teburin da suka saba a kai su wani, ko daga gari zuwa gari. Wanda ya koyi karɓar wannan tun yana yaro a filin ƙwallo, ya kuma koyi faɗin uzurinsa cikin ladabi in yana da shi, ya rage wa kansa wahalar gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina fata malaman da suka taɓa gwada wannan a makarantunsu za su rubuto su gaya mana yadda ta kaya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, don mu ƙaru da juna. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wakilinku na Rijiyar Zaki, ƙasar Ungogo, Kano.