Ra'ayinmu: Farantin Talla Ko Littafi?

A shekarar 1891 wata budurwa 'yar ƙasar Folan ta tsallaka iyaka zuwa Faris neman ilimi, domin jami'ar garinsu ba ta ɗaukar mata. Ita ce duniya ta sani da Marie Curie. Sau biyu ta ci kyautar Nobel, a 1903 da 1911, kuma bincikenta ya share fagen maganin ciwon daji.

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'yan taru, tana tura jajiji ƙauyuka su karantar da mata. Nan gida Kamaru ma, Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa an aurar da ita tana shekara 17, amma littafinta ya ci babbar kyauta a Faransa a 2020.

To, mu fa a New Bell? Kullum safiya za ka ga 'yan mata da farantin talla a ka suna zagaye kasuwa, alhali sa'o'insu suna aji.

Alhazai, ɗan kasuwa ya fi kowa sanin jari. Cinikin farantin yarinya kafin magariba an cinye shi, amma karatunta jari ne da ba ya ruɓewa, kuma kwastan ba sa kama shi a kan iyaka. Mu mayar da 'ya'yanmu mata makaranta, ta allo da ta boko.

Allah Ya sa mu gane.