Wa Ke Ƙidaya Ƙuri'ar Talaka?

Ya ku ƴan'uwa na kwamitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na kasuwannin da ke tsakaninsu.

Akwai magana uku da ba su rabuwa da bakin jakadu da ministocin harkokin waje, watau haƙƙin ɗan'adam, da zaɓe na gaskiya, da abota tsakanin ƙasashe. Baƙo ba ya sauka Yamai ya tashi bai faɗe su ba. Maganganun ba su da aibi, mu ma su muke nema. Amma mun lura baƙin nan mudu biyu suke awo da shi. In wanda suke so ya ci, zaɓe ya yi kyau. In wani ya ci, ko ya kusa ci, sai a canja mudu. Kada wani ya ce zargi muke yi. Ga abin da ya faru a ƙasarmu.

Ran 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Faris, ta yarda da babbar takardar haƙƙin ɗan'adam. Faransa na cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Aya ta 21 ta takardar nan ta nuna ikon gwamnati daga nufin jama'a yake fitowa, ta hanyar zaɓe na gaskiya wanda kowa ke jefa ƙuri'arsa a ɓoye. A lokacin nan shekara 2 kaɗai ke nan da aka soke aikin dole a ƙasashenmu. Sai 1956 aka ba kowane baligi, namiji da mace, ikon jefa ƙuri'a. Da aka yi zaɓen Maris 1957, jam'iyyar Jibo Bakari, wadda talakawa ke kira Sawaba, ta rinjaya, ya kafa gwamnati ta farko ta ƴan ƙasa. Su wa suka ɗaga ta? Direbobi da karnukan mota, da teloli, da mahauta, da ƴan dako, da ƙananan malaman ofis. Mutanen tasha da na kasuwa ke nan, irinku.

To, sai 1958 ta zo. Janar Digol ya hau mulkin Faransa, ya ce ran 28 ga Satumba kowace ƙasa za ta zaɓa: ko "I", ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko "A'a", ta samu mulkin kanta nan take, amma ta san ba sauran taimako. Ku duba wannan sharaɗi da kyau. An ce maka zaɓi, an kuma riƙe maka kwanon tuwo a hannu ana jira a ji amsarka. Sawaba ta ce "A'a".

Me ya sa Faransa ba ta iya haƙura da "A'a" a Nijar ba? Taswira ta ba da amsa. Arewa da mu Aljeriya ce, inda ake yaƙin neman ƴanci tun 1954. Kudu da mu Nijeriya ce, wadda ke shirin karɓar mulki daga hannun Ingila, ga Hausawa ƴan'uwanmu a Katsina da Kano da Sakkwato. Cikin 1957 kuma masu binciken ƙasa na Faransa suka ga alamar yuraniyom a Azelik. Ƙasa irin wannan ba a sake ta don wata takarda da aka karanta a Faris. Saboda haka cikin watan Agusta aka aiko sabon gwamna, Kolombani, ba don kome ba sai don aikin zaɓen nan. Ya zaga ƙasa yana ganawa da sarakuna. Kumandodi da gardawansu suka shiga aikin "I", alhali kuwa su ne ya kamata su tsaya tsakiya. Sarakuna da yawa da ke tare da Sawaba suka juya mata baya. Wanda ya san ƙauye ya san abin da ake nufi in kumandan ya kira sarki, sarki ya kira masu gari, mai gari ya kira magidanta. Wanda ke karɓar lanho shi ne ke gaya maka takardar da za ka jefa. Ina ɓoyon ƙuri'a a nan?

Da aka ƙidaya aka ce "I" ta samu kashi 78 cikin 100, "A'a" ta samu ƙuri'a wajen 102,000. Amma akwai wani lissafi da ba a cika karanta wa yara a lakwal ba. Mutum fiye da 1,300,000 aka rubuta sunayensu, waɗanda suka fito ba su kai 500,000 ba. Watau cikin mutum 10, fiye da 6 sun zauna gida. Mu muna ganin tsoro na cikin abin da ya zaunar da su, don ba a yi tambaya mai girma kamar wannan ba tun da Nasara ya shigo ƙasar.

Gine ta ce "A'a", ta samu mulkin kanta ran 2 ga Oktoba. Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kuɗinta, don sauran su gani su ji tsoro. A nan kuwa cikin Oktoba gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi, aka rushe majalisa, cikin 1959 aka haramta Sawaba ɗungum. Ran 3 ga Agusta 1960 aka ba da mulkin kan da aka tsorata mutane a kansa shekara 2 da suka wuce, amma ga hannun da aka yarda da shi. Ba a daɗe ba, cikin Afrilu 1961, aka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro, wadda ta sa Faransa gaban kowa wajen sayen ma'adinai irin su yuraniyom. Cikin 1964 aka harbe ƴan Sawaba a bainar jama'a a Yamai. Cikin 1965 da 1970 Jori Hamani ya tsaya takara shi kaɗai. Abota ba ta girgiza ba.

Ana yawan cewa jawabin da shugaba Mitaran ya yi a La Baule cikin Yuni 1990, inda ya ɗaura taimako da dimokuraɗiyya, shi ya kawo mana jam'iyyu da yawa. Ku tuna musu da kwanan wata. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibanmu a gadar Kenedi, wata 4 kafin jawabin nan. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta yajin aiki. Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka cika titin Yamai suna neman kujerunsu a shirin babban taron ƙasa. Da jini da gumi aka sayi zaɓen 1993, ba kyautar kowa ba ce.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Cikin Yuli 1996 ana tsakiyar ƙidaya Janar Bare Mainasara ya rushe hukumar zaɓe, ya tsare abokan takararsa a gidajensu, aka ce ya ci. Amurka ta tsai da taimakonta, Faransa ta ci gaba da hulɗa da shi. Cikin 2016 Hama Amadu ya yi takara daga kurkukun Filinge, ƴan hamayya suka ƙaurace wa zagaye na biyu, aka ba Mahamadu Isufu kashi 92. Ba mu ga an rufe iyaka ba. Ai cikin 2015 an riga an yi dokar da ta hana direbobin Agadas ɗaukar masu ƙaura zuwa Libiya, abin da Turai ke so ke nan, ga kuma sojojin Faransa da na Amurka a ƙasar.

Da aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023, sai ga mudu na biyu. CEDEAO ta rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki da ke zuwa daga Nijeriya. Wa ya ji jiki? Mai kai albasa da wake daga Ƙonni zuwa Illela, da mai ɗauko kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, da direban da motarsa ta yi watanni a bakin gadar Gaya, da matar da ta rasa magani a likita. Har zuwa Fabrairu 2024 aka yi wannan, da sunan kare ƙuri'ar mutanen da ake horo da yunwa. Sharaɗin Digol ne ya komo da wata riga.

Yanzu sai magana mai ɗaci, wadda ta shafi gida. Sojojin Faransa sun tafi cikin Disamba 2023, na Amurka cikin 2024. Ba mu yi kuka ba, don tun 1958 ake jiran ranar. Amma cikin Afrilu 2024 masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai, ba a kuwa karanta wa talaka yarjejeniyar da ta kawo su ba, kamar yadda ba a karanta wa kakansa ta 1961 ba. Cikin Maris 2025 aka rushe jam'iyyu duka, aka sa wa'adin shekara 5. Shugaba Bazum ya cika shekara 2 a tsare cikin Yuli 2025 ba a kai shi gaban alƙali ba. Ba sai kana son mutum ba za ka nema masa shari'a. Mu da aka ɗaure magabatanmu ba shari'a, mu ne na ƙarshe da ya kamata mu yi tafi in an yi wa wani. Akwai masu cewa zaɓe da haƙƙin ɗan'adam kayan Nasara ne, a mai da musu abinsu. Kai! To mutum 102,000 da suka ratsa gaban gardi suka jefa "A'a", kayan wa suka ɗauka? Nijar da kanta ta shiga yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka, wadda shugabannin Afirka suka yarda da ita a Nairobi cikin 1981. Sabon aboki da ba ya tambayar zaɓe ko kaɗan bai fi tsohon da ke tambaya da baki biyu ba. Dukansu da mai mulki suke ciniki, ba da mu ba.

Don haka in minista ya komo daga Faris ko Mosko ko Ankara ko Bejin, aka ce an ƙulla abota, ku tambaya a zaman kwamiti, ku tambaya a tasha da rumfar kasuwa: me aka bayar, me aka karɓa, na shekara nawa, wace majalisa ta duba? Ku nemi a fassara kowace yarjejeniya da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Ku nemi a faɗi ranar zaɓe. Kowane kwamiti ya tanadi mutum biyu masu iya lissafi tun yanzu, waɗanda za su zauna gaban akwati daga buɗewa har a gama ƙidaya, su karɓi takardar sakamako da sa hannu kafin a ɗora akwatin a mota. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, sa'an nan ya miƙa takardar nan ga kwamitin gari na gaba ranar kasuwa.