Lambar da aka ɓoye, wa aka ɓoye wa?

A Kore Mairuwa, bisa babbar hanyar da ta taso daga Doso zuwa Dogon Dutsi, ƴan kasuwa sun saba da kiran da ke zuwa babu lamba. Salula ta yi ƙara, allo ya nuna «Numéro privé». Wata sa'a mai bin bashi ne da ya gaji da a ƙi ɗaukar kiransa. Wata sa'a kuwa macuci ne mai albishirin ƙarya, wai an ci kyauta, a aiko da kuɗin fito da ita.

Dabarar ba ta da wuya: mai kira ya buga #31# kafin lambar da yake nema. Abin da yawancin masu yin haka ba su sani ba, lambar tasu ba ta gogu ba. Tana tafiya tare da kiran, daga tashar kampanin mai kira har tashar kampanin wanda ake nema, ɗauke da wata ƴar alama mai cewa kada a nuna. Tasha ta ƙarshe ce ke karanta alamar ta rufe wa mai amsawa. Kamar wasiƙa ce da ɗan aike ya san mai ita, aka dai roƙe shi ya kama bakinsa. Kuma kowane kira sai ya shiga rajistar kampani: lamba, lokaci, tsawon magana, har eriyar da salular ta kama.

Bayan lambar kuma akwai suna. A watan Nuwamba na 2013 hukumar kula da sadarwa ta Nijar ta sa an toshe layi kimanin miliyan 1,7 waɗanda masu su ba su kai takardar shaida ba.

Wanda aka dama da barazana ko aka damfara, kada ya ɓata ƙafa zuwa shagon kampani, ba za a ba shi suna ba. Ya rubuta rana da ƙarfen da kiran ya shigo, ya kai ƙara wurin jandarmomi, domin takardar shari'a ce ke buɗe rajista. Inda gizo ke saƙa shi ne layin da aka yanka da katin wani, ko na Najeriya, tunda iyaka ba ta da nisa.

Ma'aikacin gwamnati kuwa da ke shirin tsegunta wata almundahana ta tarho, yana zaton #31# ta rufa masa asiri, ya san cewa allon mai amsawa kaɗai ta rufe.