Kafin ka fasa kicin da banɗakin gidanka, tsaya ka yi lissafin ruwa da zafin Yola



Kwanakin nan duk unguwar da ka shiga a Jimeta, daga Karewa zuwa Jambutu, za ka ga tarin yashi da kwalayen tayil a ƙofar gidaje. Jama'a na gyaran gida, kuma kicin da banɗaki ne kan gaba. Wannan abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu hoton gidan Dubai ko Turkiyya muke ɗaukowa daga Facebook mu miƙa wa magini mu ce haka muke so. A ganina kuskure ne, kuma ni ma na taɓa yin sa.

Shekaru uku da suka wuce na sa wa banɗakin mahaifiyata tayil mai sheƙi kamar madubi. Ba a yi wata biyu ba ta zame da asuba tana shirin alwala, ta yi makonni tana jinyar ƙugu. Kuɗin magani da na sake tayil sun fi abin da na kashe da farko. Tun daga nan nake gaya wa kowa: ƙasan banɗaki tayil mai kaushi yake so, mai sheƙin a bar wa bango. In akwai dattijo a gida, a kafa masa ƙarfen riƙewa a bango, a sa masa masai na zama saboda gwiwa.

Sai maganar ruwa. Masai na zamani yana cin lita 6 zuwa 9 duk korawa ɗaya. Gidan mutum 10, in kowa ya shiga sau uku, an tasar wa lita 200 a rana, wato jarka 8 mai lita 25, ba a yi wanka ko wanki ba. Wanda ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya san abin da wannan ke nufi. Baho na kwanciya kuwa, ɗaya zai iya shanye fiye da lita 100. Mutum ya fara da tanki da hanyar samun ruwa, sannan ya sayi kayan ado. In ba haka ba, ƙarshe bokiti da buta za a koma wa, bahon ya zama wurin jiƙa wanki.

Haka kicin. Yanzu ana yayin haɗa kicin da falo ba bango. Wannan ya dace da masu dafa taliya a minti goma. Mu kuwa tuwo ake tuƙawa, ana soya manja, ana daka a turmi, ga ƙamshin daddawa. Ga baƙi maza a falo, uwargida tana son sakewa. A watan Maris da Afrilu zafin Yola kan wuce digiri 40, to ina ga ɗakin girki mai ƙaramar taga ɗaya? Kicin ɗinmu yana son tagogi biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. A bar rumfa a tsakar gida don murhun gawayi, saboda ranar suna ko ranar da gas ya ƙare. Tukunyar gas ɗin ma a yi mata ɗan gida a waje, ta fi aminci.

Kabad ɗin katakon da aka matse daga dusa yana da kyau a hoto, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, gara kuma ba ta raga masa. Mu da ke bakin Binuwai mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Kanta ta siminti da tayil, da ƙofofin alminiyom, ta fi jure wannan. Haka ramin sokawe: masana lafiya suna ba da shawarar ya yi nisan mita 30 da rijiya. Inda fili bai kai ba, a nemi masani kafin a haƙa, don kwalara ba baƙuwa ba ce a jiharmu.

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma kowa na son gidansa ya burge. Gaskiya ne, ban ce a koma zamanin da ba. Sinki, famfo a cikin kicin da wurin alwala na daban duk ci gaba ne. Amma kafin ka kira magini, zauna da matar da za ta yi girkin, ka tambayi tsohuwar da za ta shiga banɗakin. Su suka fi sanin inda ke musu ciwo.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, amin.

Sakataren Ƙungiya, Jimeta