Banaras: Masu Ziyara da Masaƙa

Duk baƙon da ya sauka Banaras, birnin da mabiya Hindu ke kira Kashi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, bakin Kogin Ganges yake fara nufa. Can na tarar da dubban masu ziyara suna wanka tun kafin hudowar rana, ga hayaƙin ƙona gawa a matakalar Manikarnika ba dare ba rana, domin a aƙidarsu wanda ya mutu a garin ya tsira daga sake dawowa duniya.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin lunguna. Zanen alharinin da amaren Hindu ke taƙama da shi, galibi Musulmi ne masaƙansa, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Masallacin Gyanvapi kuwa, wanda aka gina zamanin Sarki Aurangzeb a gurbin wurin bautar da aka rushe a 1669, yana manne da wurin bautar Kashi Vishwanath, kuma rikicin mallakarsa ya kai gaban kotu. A ganina fargabar masaƙan tana da dalili, domin sun ga yadda aka rushe masallacin Babri na Ayodhya a 1992.