Ana auna jariri, ba a auna iskar da yake shaƙa

Duk ranar rigakafi ana ɗora jariri a kan sikeli, a rubuta nauyinsa a kati. Ba wanda ke tambayar irin iskar da ke ɗakin da za a mayar da shi. Wannan sakaci ne, kuma yana cin rayuka.

A duba ɗakin mai jego a lokacin hunturu. An rufe taga saboda sanyi, an ajiye kaskon garwashi, an zuba turaren wuta, da dare a kunna igiyar leƙo, janareta kuma na ruri a bakin ƙofa. Sabon jariri na numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, fiye da ninki biyu na baligi, da huhun da bai gama ƙwari ba. Burbushin hayaƙi da ake kira PM2.5 ya fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, yana kutsawa har can cikin huhu. Gubar da garwashi ke fitarwa kuwa ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000.

Masu cewa iyaye da kakanni a cikin hayaƙi suka tashi sun manta cewa waɗanda suka rayu ne kaɗai ke ba da labari. Waɗanda nimoniya ta ɗauke tun suna goye ba su nan balle su yi musu.

Masu ganin raba murhun zamani ya wadatar su ma su dubi Malawi. Wani babban gwaji da mujallar Lancet ta wallafa a 2017 ya bi yara fiye da 10,000, bai kuwa ga raguwar nimoniya a gidajen da aka ba sabon murhu ba. Hayaƙi ba daga murhu kaɗai yake fitowa ba, kuma sai an auna ake sanin daga ina ya fi yawa.

Ma'auni yana nan: ƙa'idar hukumar ta 2021 ta ce kada PM2.5 ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a tsawon awa 24. Na'urorin awon ba su fi tafin hannu ba. Ya kamata kowace cibiyar lafiya a matakin farko ta mallake su, ma'aikatanta su riƙa shiga da su gidajen jego. Gani ya kori ji: kakar da ta ga lamba na hawa da zarar an shigo da kasko, ita ce za ta fara buɗe taga.